Cekarin na hannu a mariƙin bindiga

Cekarin na hannu aiki ne na tsaga layuka masu gilma juna a jikin mariƙin bindiga da magagarin ƙarfe, har wajen ya koma jerin ƙananan tsinaye masu siffar dala. Manufarsa ita ce hannun mai harbi ya samu abin kamawa, kada bindigar ta zame ko ta juya a tafin hannu lokacin da ta tunkuɗo baya, musamman idan akwai gumi, ruwa ko mai. Ana yin sa a jikin katako da kuma a jikin ƙarfe, amma wanda ya fi wuya shi ne na gangar jikin bindigar hannu, domin a nan ana cin ƙarfen bindigar ne kai tsaye, kuma abin da magagari ya cinye ba ya dawowa.

An fi alaƙanta wannan aiki da bindigar M1911 ta Amurka da maƙeran bindigogi na ƙasar, waɗanda suka mayar da shi ma'aunin gwaninta tun daga shekarun 1960. Ko da yake a yau injina masu aiki da kwamfuta ne ke yin mafi yawan cekarin da ake gani a kasuwa, har yanzu akwai masu yin sa da hannu, kuma ana koyar da shi a makarantun gyaran bindiga.

Asalin suna

Kalmar ta fito ne daga Turancin Amurka, checkering, wadda a Birtaniya ake rubutawa chequering. Tushenta shi ne sunan allon wasan ces mai gidaje murabba'i, wanda ya shigo Turanci daga tsohon Faransanci. Idan aka ƙara bin sawun kalmar, za a kai ga shah na Farisanci, wato sarki, kalmar da ake faɗa a wasan idan an tare sarkin abokin hamayya. An ba aikin wannan suna ne saboda layukan da ke gilma juna suna raba fuskar katako ko ƙarfe gida-gida kamar allon wasan.

Akwai wasu ayyuka makusanta da ake yawan haɗa su da cekarin, alhali sun bambanta. Idan layukan sun tafi gefe guda kawai ba tare da an gilma su ba, ba cekarin ba ne, tsaga ce zalla. Idan an danna zanen ne da ƙarfi a kan injin juya ƙarfe, kamar wanda ake gani a jikin sandar ɗaga nauyi, wannan ma wani aiki ne daban, domin matse ƙarfen ake yi, ba yanke shi ba.

Tarihi

Cekarin ya fara ne a jikin katako. Maƙeran bindigogin farauta na Turai sun daɗe suna tsaga wuyan katakon bindiga da wajen da hannun gaba ke riƙewa. Kamfanonin Landan irin su Purdey da Holland & Holland sun shahara da salon da ake barin kan kowane gida a baje ba tare da an kai shi ga tsini ba. Akwai kuma salon da ake dangantawa da Faransa, wanda ake tsallake layi lokaci-lokaci don zanen ya fito kamar saƙa. A Amurka an fi son mai tsini, kuma littafin Monty Kennedy mai suna The Checkering and Carving of Gunstocks, wanda ya fito a 1952, ya zama abin dogaro ga masu koyon aikin katako. A shekarun 1960, da kuɗin ƙwadago ya yi tsada, manyan kamfanoni irin su Remington da Winchester suka koma danna zanen a jikin katako da inji. Masu saye da yawa ba su ji daɗin hakan ba, kuma wannan ya ƙara wa aikin hannu daraja.

Bindigar M1911, wadda John Moses Browning ya tsara kuma kamfanin Colt ya ƙera, ta samu karɓuwa a rundunar sojan Amurka ranar 29 ga Maris, 1911, ta kuma ci gaba da zama babbar bindigar hannu ta sojan ƙasar har 1985, lokacin da Beretta M9 ta maye gurbinta. Tun farko tana da faifan katako guda biyu a gefen mariƙi masu cekarin, amma gaban mariƙin, inda yatsu uku ke naɗewa, sumul yake. Gyaran da aka yi mata a 1924, wanda ya haifar da M1911A1, ya kawo gidan babban sifirin mai tudu da cekarin a bayan mariƙi, amma gaban ya zauna yadda yake.

Masu gasar harbin saiti, irin wadda ake yi a Camp Perry da ke jihar Ohio tun 1907, su ne suka fara neman a kaurara musu wannan waje. Hanya mafi sauƙi a lokacin ita ce a sassare ƙarfen da kurfi ko ƙusa mai tauri har ya yi kaushi. Jim Clark na jihar Louisiana ya yi suna da wani salo na tayar da ƙananan haƙora da kurfi, wanda aka yi wa laƙabi da haƙorin damisa. Shi ma kamfanin Colt ya sa tsagar tsaye a gaban mariƙin samfurin Gold Cup da ya fitar a 1957.

Canji babba ya zo ne daga kudancin Kalifoniya. A tsakiyar shekarun 1950 Jeff Cooper, tsohon hafsan sojan ƙundumbalar ruwa na Amurka, ya fara shirya gasar zaro bindiga da harbi cikin sauri a Big Bear Lake. A irin wannan gasa mai harbi yana cafkar bindigar ne sau ɗaya daga kube, ya yi harbi da yawa a jere, ba shi da lokacin gyara riƙo. Armand Swenson, wani maƙerin bindiga na Kalifoniya, yana cikin na farko da suka riƙa tsaga gaban mariƙin M1911 da hannu, tare da mayar da zoben kariyar kunama mai kusurwa da tsaga gabansa. Da aka kafa ƙungiyar IPSC ta gasar harbi ta duniya a garin Columbia na jihar Missouri a 1976, buƙatar irin waɗannan bindigogi ta ƙaru sosai. Bill Wilson, wanda asalinsa mai gyaran agogo ne, ya buɗe Wilson Combat a Berryville ta jihar Arkansas a 1977. Daga baya kamfanonin Les Baer, Ed Brown da Nighthawk Custom suka bi wannan layi, cekarin gaban mariƙi ya zama abin da ake sa ran gani a duk wata M1911 mai tsada.

Dalilin tsaga gaban mariƙi

Idan aka harba bindigar hannu, bututunta yana sama da hannun mai riƙe da ita, don haka ƙarfin tunkuɗar ba baya kaɗai yake tura ta ba, yana kuma ɗaga bakinta sama. A wannan juyi gaban mariƙi yana ƙoƙarin zamewa a ƙarƙashin yatsu, bayansa kuma yana danna tafin hannu. Faifan gefe suna taimakawa, amma mafi yawan matsin hannu daga gaba zuwa baya yake tafiya. Shi ya sa gaban mariƙi da gidan sifirin na baya suka fi ko'ina buƙatar kaushi.

Tsagar tsaye zalla tana hana bindiga juyawa hagu da dama, amma ba ta hana ta zamewa sama. Tsagar kwance tana yin akasin haka. Cekarin ya haɗa biyun, kuma kowane tsini yana ɗan nutsewa cikin fatar yatsa, kwarin da ke tsakaninsu kuma yana ba gumi wajen kwanciya.

Ma'auni

Ana auna cekarin da yawan layuka a cikin inci ɗaya, wato milimita 25.4. Idan lambar ta yi ƙasa, tsinayen manya ne masu kaifi da zurfi. Idan ta yi sama, ƙanana ne masu laushi a hannu. A jikin ƙarfe yawanci layukan suna gilma juna a kusurwar digiri 90, don haka gindin kowane tsini murabba'i ne. A jikin katako kuwa ana karkata su, gidan ya fito a miƙe, tsawonsa ya kai kamar ninki uku ko uku da rabi na faɗinsa.

Ma'aunan da aka fi amfani da su a ƙarfe su ne:

Layi 20 a inci: tazarar layi milimita 1.27, tsini 400 a murabba'in inci.
Layi 25 a inci: tazarar layi kusan milimita 1.02, tsini 625.
Layi 30 a inci: tazarar layi kusan milimita 0.85, tsini 900.
Layi 40 a inci: tazarar layi kusan milimita 0.64, tsini 1,600.

Layi 20 ya fi kama hannu, yana kuma aiki ko da an sa safar hannu, amma yana iya cin fatar wanda ya yini yana harbi, yana kuma kama tufafi. Layi 30 ya fi laushi da kyan gani, shi ne kuma aka saba gani a bindigogin Les Baer da Wilson Combat. Layi 25 tsaka-tsaki ne, irin wanda Ed Brown da Dan Wesson ke sawa. Samfurin TRP na Springfield Armory kuwa da layi 20 aka san shi. Layi 40 zuwa sama an fi yin sa a ƙananan wurare, kamar maɓallin sakin magazin ko bayan murfin sama, inda ake so a kashe ƙyallin haske.

Zurfin kwarin ba zaɓi ne na daban ba, tazarar layi da kusurwar magagari ne ke yanke shi. Idan kwarin yana da kusurwar digiri 60 kuma an kai tsinayen ƙarshe, zurfinsa yana kai kusan kashi 87 cikin 100 na tazarar. Ke nan layi 20 zai nutse kusan milimita 1.1, layi 30 kusan milimita 0.73, layi 40 kuma kusan milimita 0.55. Wannan lissafi yana da muhimmanci domin gaban mariƙi ba dunƙulen ƙarfe ba ne. Bango ne siriri, a bayansa akwai ramin da magazin, wato akwatin harsasai, ke shiga. Kaurin bangon ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, wani lokaci ma gefe ɗaya ya fi ɗaya sirantaka a bindiga guda. Saboda haka ne ake auna shi a wurare da dama kafin a zaɓi ma'auni, kuma gangar jiki mai siririn bango ba ta ɗaukar layi 20.

Kayan aiki

Babban kayan aikin shi ne magagarin cekarin. Siffarsa kamar ta magagari mai faɗi ce, amma haƙoransa an jera su ne sahu-sahu a tsawon jikinsa da tazara daidai, ta yadda kowane sahu ke tsaga layi guda, gefunansa biyu kuma sumul suke don kada su ci abin da ke kusa. Garin Vallorbe na ƙasar Suwizalan ya yi suna wajen ƙera ƙananan magagarai na masu agogo da maƙeran zinariya, kuma magagaran cekarin masu sunan Grobet suna cikin waɗanda aka fi sani. Ana ba su lamba bisa ƙanƙantar haƙori: lamba 00 tana ba da layi 20, lamba 0 layi 30, lamba 1 layi 40, lamba 2 layi 50, lamba 4 kuma layi 75. Kamfanin Brownells na jihar Iowa, wanda aka kafa a 1939, yana cikin manyan masu sayar da su ga maƙeran bindiga.

Magagarin cekarin shata layuka yake yi, ba shi ke ƙarasa aikin ba. Ana ƙarasawa ne da siririn magagari mai kusurwa uku na digiri 60, wanda ke bin kwari ɗaya-ɗaya. Akwai irinsa mai lanƙwasasshen baki don shiga lungu, kamar ƙarƙashin zoben kunama.

Sauran kayan sun haɗa da abin damƙe ƙarfe da ake kafawa a teburin aiki, da wani dunƙulen ƙarfe ko roba mai siffar magazin da ake zurawa a ramin don a riƙe gangar jikin ba tare da an matse ta ta lotsa ba. Akwai jagora, wato tauraren ƙarfe da ake ɗaurawa a jikin gangar don gefen magagari ya jingina da shi a layin farko. Akwai shuɗin ruwan alama mai saurin bushewa da ake shafawa don a ga inda magagari ya taɓa, da tabarau mai ƙara girma, da fitila mai ƙarfi da ake haskawa daga gefe. Ana kuma ajiye burushin waya na share haƙoran magagari, da alli da ake gogawa a jikinsa don ɓurɓushin ƙarfe kada ya maƙale ya kankare aikin.

Matakan aiki

Ana fara aikin ne da kwance bindigar gaba ɗaya har a bar gangar jiki tsurarta. Daga nan sai a daidaita fuskar gaban mariƙi. Gugar da ake yi wa bindiga a masana'anta tana barin tudu da kwari waɗanda ido ba ya gani a ƙarfe mai sumul, amma da zarar an tsaga layuka sai su fito fili, domin a wajen da ya lotsa tsinayen ba za su kai ba. Ana shafa ruwan alama, a bi da magagari mai laushi, har launin ya goge bai ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Idan za a rage ƙarfen ƙarƙashin zoben kunama don yatsan tsakiya ya hau sama, a wannan lokaci ake yi, kuma wannan rami yana ba magagari wajen fita a ƙarshen kowane layin tsaye.

Mataki na biyu shi ne layin farko, wanda duk sauran za su bi. Magagarin cekarin ba ya auna komai da kansa. Idan ya gama tsaga sahu na farko, ana matsar da shi gefe ne a dora wasu haƙoransa cikin layukan da aka riga aka tsaga, ragowar su ci sabon waje. Ke nan kowane sabon layi daga na bayansa yake ɗaukar hanya. Idan layin farko ya karkace ko da kaɗan ne, karkatar za ta bi duk fuskar, ta bayyana a bakin iyaka inda gidajen gefe ɗaya za su fito cikakku, na ɗaya gefen kuma guntaye. Don haka ne ake ɗaura jagora a wannan mataki, a tabbatar layin tsaye ya bi tsakiyar mariƙi, na kwance kuma ya gilma shi daidai.

Wasu maƙera da layukan tsaye suke farawa, wasu da na kwance, kuma kowane ɓangare na da matsalarsa. Gaban mariƙi ba a baje yake ba, a lanƙwashe yake kamar bayan bututu. A layukan tsaye, magagari mai faɗi ba ya taɓa ƙarfen sai da sahu biyu ko uku a lokaci guda, kuma dole a riƙa karkata shi kaɗan-kaɗan yayin da ake zagaya lanƙwasar, domin kowane kwari ya fuskanci tsakiyar da'irar. Idan ba a yi haka ba, tsinayen gefe za su kwanta maimakon su miƙe. A layukan kwance kuwa, kowace turawa sai ta zagaya lanƙwasar daga wannan gefe zuwa wancan, hannu yana juyawa tare da ita, ba tare da magagarin ya fita daga hanya ba.

Magagari yana ci ne idan an tura shi gaba. Ana sassauta shi ko a ɗaga shi a dawowa, kuma ba a danna shi da ƙarfi, domin matsi mai yawa shi ke sa haƙori ya tsallaka cikin layin maƙwabci. A zagayen farko kankara kawai ake yi, yadda idan an ga kuskure za a iya goge shi a sake. Sai an gamsu da shatar sannan a fara nutsawa. Ba a kai ɓangare ɗaya ƙarshen zurfinsa kafin a taɓa ɗayan. Ana ɗan nutsa na tsaye, a koma na kwance, a sake dawowa, domin tura magagari a kan kwaruruka masu zurfi yana sa shi tsalle da karkarwa.

Mataki na ƙarshe a yankan shi ne fitar da tsini. A wannan lokaci kowane gida yana da ɗan fili a kansa. Ana sake shafa ruwan alama, a ɗauki magagari mai kusurwa uku, a bi kwari ɗaya bayan ɗaya ana ƙirga turawa don kowanne ya samu daidai da ɗan'uwansa. Ɗigon launin da ke kan kowane gida yana ƙanƙancewa yayin da kwarin ke nutsewa, kuma ana tsayawa ne a daidai lokacin da ya ɓace. Idan aka wuce nan, tsinin zai gajarce ya koma ƙasa da na kusa da shi, kuma hasken fitila daga gefe zai nuna wajen kamar tabo. Wannan mataki shi ya fi cin lokaci. Fuskar da ba ta wuce murabba'in inci biyu ba, a layi 30, tana ɗauke da tsini kusan 1,800, kuma aikin gaba ɗaya yana ɗaukar awanni masu yawa, sau da yawa a rarrabe cikin kwanaki saboda gajiyar ido da wuyan hannu.

Bayan an gama, ana gyara iyakokin zanen, a share ɓurɓushin da ya tsaya a bakin layuka, a kuma dakushe kaifin tsinayen kaɗan da burushin waya ko da feshin ƙananan ƙwayoyin gilashi. Tun da magagari ya cire rufin da ke kare ƙarfen daga tsatsa, dole a sake rufe gangar jikin, ko dai da rinin baƙi-shuɗi da aka saba yi wa bindigogi, ko da rufin fosfet irin na soja, ko da kurom mai tauri, ko da fenti na musamman da ake gasawa. Fenti mai kauri yana cike kwarin ƙananan ma'aunai, don haka ana la'akari da irin rufin tun wajen zaɓen ma'auni.

Irin ƙarfe

Ƙarfen da aka fi ƙera gangar M1911 da shi yana yankuwa da magagari ba tare da wahala mai yawa ba. Ƙarfe marar tsatsa ya fi danƙo, yana toshe haƙora, yana kuma dakushe magagari da wuri. Alminiyam yana da laushi, amma ƙarfinsa na waje yana cikin tauraren rufin da ake yi masa da lantarki, kuma cekarin yana ratsa wannan rufi, sai an sake shi, in ba haka ba tsinayen za su lotse. Gangar jikin da aka riga aka yi wa rufin kurom ko wani rufi mai tauri ba ta yankuwa sai an cire rufin, domin ya fi haƙorin magagari tauri.

Ba kowace bindiga ce ke karɓar aikin ba. Browning Hi-Power, wadda kamfanin FN na Beljiyam ya fara ƙerawa a 1935, tana da siririn bango a gaban mariƙi, kuma da yawa daga cikinta a nan aka buga lambar rajista. Saboda haka an fi sassara ta sama-sama a bar wajen lambar, maimakon a yi mata cekarin mai zurfi.

Kurakurai da gyara

Kuskuren da aka fi samu shi ne zarcewa, wato magagari ya wuce iyakar zane ya kankari wajen da ya kamata ya zauna sumul. Akwai tsallake, inda haƙori ya fita daga kwarinsa ya raba jerin tsinaye biyu. Akwai tazarar da ke buɗewa ko ta matse a hankali, wadda kan faru idan haƙoran da aka dora cikin tsofaffin layuka sun yi kaɗan. Akwai kuma tsinaye masu bajajjen kai a wajen da ba a daidaita fuskar ba tun farko. Mafi muni shi ne hudawa, inda kwari ya ratsa bangon ya leƙa ramin magazin.

Ƙaramin kuskure a zagayen farko yana gogewa. Wanda ya yi zurfi kuwa sai an cike wajen da walda mai tsafta, a daidaita, a sake tsagawa, kuma sau da yawa wajen waldar yana fitowa da launi daban bayan rini. Idan ɓarnar ta yi yawa, ana yanke gaban mariƙin a liƙa sabon ƙarfe da walda. Saboda wannan haɗari masu koyo ba sa farawa da gangar jiki. Suna farawa da bajajjen ƙarfe, su koma sandar ƙarfe mai zagaye ko bututu don su saba da lanƙwasa, sannan gidan babban sifirin, wanda ƙaramin sashe ne da ake zarewa a sauya da sabo idan ya lalace.

Injina da sauran hanyoyi

Injin sassaƙar ƙarfe yana iya tsaga layukan da tazara marar kuskure, a juya gangar jikin digiri kaɗan bayan kowane layin tsaye. Injinan da kwamfuta ke sarrafawa sun sa cekarin ya shigo bindigogi masu matsakaicin farashi. Sai dai inji yana bin da'irar da aka tsara masa ne, ba ya jin inda tsohuwar gangar jiki ta karkace ko ta sirance, alhali mai aikin hannu yana bin fuskar yadda ya same ta. Shi ya sa wasu wuraren aiki ke haɗa biyun, inji ya shata, hannu ya fitar da tsini.

Akwai kuma zanen da inji ke yi waɗanda ba cekarin ba ne, kamar ƙananan ramuka masu siffar ɓawon kifi da aka san Richard Heinie da su, ko zanen fatar maciji na Ed Brown. Ba sa nutsewa sosai kuma ba sa kama tufafi. Wanda ba ya son a taɓa ƙarfen bindigarsa yana iya liƙa tef mai kaushi, ko ya sa mariƙin roba na Pachmayr mai zagaye gaba. Bindigogi masu gangar roba, waɗanda suka bazu bayan fitowar Glock 17 a 1982, da kaushinsu suke fitowa daga mazubi, kuma idan ana son ƙari ana ɗiɗɗiga su ne da ƙarfe mai zafi ko a zana su da leza.

Koyo da doka

A Amurka ana koyar da aikin a makarantun gyaran bindiga, kamar sashen da P. O. Ackley ya fara a kwalejin Trinidad ta jihar Colorado a 1947. A dokar ƙasar, gangar jiki mai ɗauke da lambar rajista ita ce bindiga a idon hukuma, ko da an cire mata komai. Dokar kula da bindigogi ta 1968 ta wajabta wa mai sana'ar gyaran bindigogin jama'a mallakar lasisin tarayya, kuma gogewa ko sauya lambar rajista laifi ne. Wannan na cikin dalilan da suka sa kuskure a jikin gangar ya fi kuskure a kowane sashe tsada, domin ba a sauya ta kamar yadda ake sauya sifirin ko faifan katako.

Sauran wuraren amfani

Magagarin cekarin ba na bindiga kaɗai ba ne. Maƙeran wuƙa suna tsaga bayan ruwan wuƙa da shi, inda babban yatsa ke dafawa. Maƙeran zinariya da azurfa suna amfani da masu ƙananan haƙora wajen yin zanen layuka masu gilma juna da ake dangantawa da birnin Florence na Italiya. Ana kuma ganin irin wannan tsaga a mariƙin kayan tiyata da ƙananan kayan aikin hannu.

Duba kuma

M1911
John Moses Browning
Jeff Cooper
Magagari
Ƙira